Yadda Ake Neman Tallafin Zuwa Bincike na 'Yan Watanni a Ƙasar Waje

Jami'o'i da cibiyoyin bincike na Turai da Amurka suna tsayar da darussa daga watan Yuni zuwa ƙarshen Agusta, daidai lokacin da damina take tsakiya a nan Jos. A wannan tsakanin ne ɗakunan gwaje-gwajensu da ɗakunan kwanan ɗalibansu suke samun sarari, sai su buɗe ƙofa ga ɗaliban digiri na biyu da na uku daga wasu ƙasashe su zo su yi aiki na makonni takwas zuwa goma sha biyu. Tallafin irin wannan ziyara ya bambanta da na karatun digiri. Wanda ya samu ba barin jami'arsa zai yi ba, ba kuma da sabuwar takardar digiri zai dawo ba; zai je ne ya yi wani yanki na binciken da yake kai, sannan ya dawo ya ƙarasa kundinsa a gaban malaman da suka fara duba shi. Saboda haka tambaya ɗaya ce kwamitin tantancewa yake nema wa amsa a cikin takardun kowa: wane aiki ne wannan ɗalibi ba zai iya yi a harabar Jami'ar Jos da ke Naraguta ko a cibiyar bincike ta Vom ba, wanda zai iya kammalawa a cibiyar da zai je cikin wata biyu ko uku? Duk takardar da za a haɗa, amsar wannan tambaya ya kamata ta ƙarfafa.

Abu na farko da yake kayar da masu nema shi ne lissafin lokaci. Tafiyar da za a yi a Yuni, yawanci ana rufe karɓar takardunta tsakanin Disamba da ƙarshen Janairu, a sanar da sakamako a Maris ko Afrilu, sai a bar wa mutum kimanin wata biyu na neman biza. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda yake son tafiya a daminar baɗi, a watan Oktoban bana ya kamata ya fara, domin wasiƙar malamin da zai karɓe shi a can, da cikakken sakamakon karatu daga ofishin jarrabawa, da fasfo, kowannensu yana iya cin makonni, kuma babu ɗaya a cikinsu da yake hannun ɗalibi.

Shirye-shiryen da ƙofarsu take buɗe gare mu

Kafin a karanta komai a sanarwar tallafi, a fara zuwa sashen da ya faɗi waɗanda suka cancanta. Da yawa daga sanarwar da ake yaɗawa a zaurukan WhatsApp na ɗalibai an yi su ne domin masu rajista a jami'o'in Amurka ko Birtaniya. Shirin RISE na DAAD, hukumar Jamus mai bayar da tallafin karatu, misali ne: sunansa yana yawo sosai, amma na ɗaliban jami'o'in Arewacin Amurka da Birtaniya da Ayalan ne, don haka ɗalibin Jami'ar Jos ba shi da rabo a ciki komai kyan takardunsa.

Akwai dai waɗanda ɗan Nijeriya yake iya nema. Cibiyar IIASA da ke Laxenburg, kusa da babban birnin Ostiriya, tana gudanar da shirin matasan masu bincike tun 1977, inda take karɓar kimanin ɗaliban digiri na uku 50 daga farkon Yuni zuwa ƙarshen Agusta, su yi aiki a kan sauyin yanayi da makamashi da ruwa da noma da ƙidayar jama'a; ana rufe nema a Janairu, kuma yawancin kuɗin yana fitowa ne ta hannun ƙungiyoyin ƙasashen da suke mambobin cibiyar, don haka tun farko a tambayi ta ina kuɗin ɗan Nijeriya zai fito. Cibiyar CERN da ke Janeba tana ɗaukar ɗaliban fiziks da injiniyanci da lissafi da kimiyyar kwamfuta na makonni 8 zuwa 13, har da 'yan ƙasashen da ba mambobinta ba, sai dai shirin na masu digiri na farko da na biyu ne, ban da masu na uku. Sashen kimiyyar kwamfuta na jami'ar ETH da ke Zurich yana da nasa na Yuli da Agusta, wanda ake rufewa tun a Disamba. Jami'ar KAUST da ke Thuwal a Saudiyya tana karɓar ɗalibai masu ziyarar bincike na wata uku zuwa shida. Cibiyar ICTP da ke Trieste a Italiya, wadda Abdus Salam ya kafa a 1964, tana da shirin STEP, inda ɗalibin digiri na uku yake riƙe da rajistarsa a gida amma yake zuwa can na wasu watanni ƙarƙashin malami na biyu. Ita ma DAAD tana bayar da tallafin bincike na watanni ga masu digiri na uku, ko da yake tana yawan sake fasalin shirye-shiryenta.

Bai kamata a ɗauka cewa ƙasar waje tana nufin Turai kaɗai ba. Cibiyar WARC da ke Dakar ta daɗe tana bai wa malamai da ɗaliban Afirka ta Yamma kuɗin tafiya domin bincike a wasu ƙasashen nahiyar, kuma ga mai nazarin tarihin fatauci ko rubuce-rubucen ajami, wata biyu a Yamai ko Dakar na iya fi masa amfani a kan wata biyu a Landan. Sharuɗɗan duk waɗannan suna canzawa daga shekara zuwa shekara, saboda haka abin dogaro shi ne shafin ita cibiyar, ba hoton sanarwar da wani ya turo ba. Duk wanda ya ce a tura kuɗin fom zuwa asusunsa domin ya sama wa mutum gurbi, ɗan damfara ne.

Neman mai masauki

A ganina wannan ne ginshiƙin aikin gaba ɗaya, kuma shi ne abin da masu nema suka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Wasu shirye-shiryen suna buƙatar takardar gayyata daga malamin can kafin a duba takardun mutum. Wasu ba su wajabta ba, amma a ƙarshe malami ne zai ɗaga hannu ya ce wannan ɗalibin nake so a ɗakina, kuma ya fi saurin ɗaga wa wanda ya riga ya san sunansa.

Daga gida ake farawa. A je wurin malamin da yake duba kundin kafin a rubuta wa kowa a waje, a ce masa: "Ranka ya daɗe Farfesa, na ga wata dama ta zuwa yin gwajin babi na huɗu a waje, ina so in ji shawararka kafin in rubuta musu." Akwai dalilai biyu na yin haka. Na farko, ba za a iya tafiya ba sai da sa hannunsa, kuma malamin da ya ji labari a bakin wasu ba ya saurin sa hannu. Na biyu, da wuya a ce bai san kowa ba. Cibiyoyin da ke kewaye da mu suna da tsohuwar hulɗa da waje: Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom tana aiki tun 1924, cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke dajin Amurum tana karɓar masana daga Turai, masu binciken kayan tarihi na Jami'ar Goethe da ke Frankfurt kuwa sun fara aiki a kan al'adun Nok tun 2005. Layi biyu daga malami zuwa ga abokin aikinsa sun fi imel goma daga ɗalibin da ba a sani ba.

Idan babu irin wannan hanya, sai a duba jerin maƙalun da aka yi amfani da su a babi na biyu na kundin. Sunayen da suka fi maimaituwa a cikin maƙalun shekaru biyar da suka wuce, su ne mutanen da ya dace a rubuta wa. Ba dole ba ne a nufi shugaban ɗakin gwaji, wanda akwatin imel ɗinsa a cike yake. Ƙaramin malamin da sunansa ya zo na farko a maƙalar ya fi saurin amsawa, kuma da shi za a zauna a kan benci idan an je.

Shi imel ɗin kada ya wuce abin da za a karanta a fuskar waya ba tare da an gaji ba. A kansa a rubuta ainihin buƙata da watannin da ake nufi. A jimlar farko mutum ya faɗi matakin karatunsa da sashensa da sunan malaminsa. A ta biyu ya ambaci maƙala ɗaya takamaimiya ta wanda yake rubuta wa, ya faɗi abin da ya ɗauka daga cikinta. Sannan ya bayyana abin da yake da shi a hannu, misali samfurin ƙasa da ruwa daga tsofaffin ramukan kuza na Bukuru da Barikin Ladi waɗanda aka riga aka tara aka busar, da abin da ya rasa, wato na'urar da za ta auna ƙarafa masu guba da ke cikinsu daki-daki. Ya rufe da sunan tallafin da zai nema da ranar rufewa, domin malamin ya san ba kuɗinsa ake nema ba, benci da kulawa kawai ake so. Mu mun saba fara wasiƙa da doguwar gaisuwa da addu'a, kuma abu ne mai kyau a tsakaninmu, amma a nan layi ɗaya na gaisuwa ya isa. Labarin wahalar rayuwa ma a ajiye shi. Abin da zai ja hankalin malamin shi ne samfurin da ba zai iya samu a ƙasarsa ba. Idan kwana goma suka wuce babu amsa, a tuna masa sau ɗaya cikin ladabi, idan shiru ya ci gaba a koma kan na gaba.

Da zarar ya amsa, a tambaye shi ko zai kasance a gari a watannin. Agusta watan hutu ne a yawancin Turai, musamman Faransa da Italiya, inda a kewayen 15 ga wata ofisoshi da yawa suke zama fayau. Wanda ya isa a tsakiyar Yuli yana iya tarar da cewa mai kula da na'urar da ya zo dominta ya tafi hutun mako uku.

Takardar tsarin bincike

Yawanci shafi biyu zuwa biyar ake nema, kuma kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗauko tsarin kundin gaba ɗaya a matse shi a ciki. Aikin shekara uku ba ya shiga mako goma, kuma masu tantancewa sun san haka. Abin da ake so shi ne tambaya ɗaya ƙarama da aka yanko daga kundin, da dalilin da ya sa sai a can za a amsa ta, da jadawalin mako-mako, da abin da za a riƙo a hannu ranar dawowa.

A ɗauka ɗalibin tarihi ne yake rubutu a kan aikin tilas da aka sa mutane a ma'adinan kuza na Filato tsakanin 1942 da 1944. Idan ya rubuta cewa yana son ya je Ingila domin ya faɗaɗa iliminsa a kan mulkin mallaka, ya riga ya faɗi. Abin da zai tsayar da idon mai karatu shi ne ya nuna ya gama da fayilolin lardin Jos da ke ma'adanar takardu ta ƙasa a Kaduna, ya leƙa Gidan Arewa, cibiyar nazarin tarihi da ke Kaduna, ya kuma gano cewa wasiƙun da aka yi tsakanin gwamna a Legas da Ofishin Mulkin Mallaka suna ma'adanar takardu ta Birtaniya da ke Kew a Landan, a jerin CO 583. Kundin sunayen fayilolin Kew yana intanet kyauta, don haka tun daga Jos zai iya fitar da lambobin waɗanda yake buƙata ya jera su a takardarsa. Zai kuma sa a lissafinsa cewa ma'adanar ba ta buɗewa ranar Litinin, kuma ana barin mai bincike ya ɗauki hoton takardu da kansa, wanda ke nufin aikinsa a can ɗaukar hoto ne da tsarawa, karatun nutsuwa sai ya dawo gida.

Ga masu kimiyyar noma da halittu akwai wani tarko na daban. A ɗauka ɗaliba ce take bincike a kan cutar da take ƙona ganyen dankalin Turawa a gonakin Bokkos da Mangu. Cutar da ruwan sama da sanyi take tafiya, ma'ana a cikin damina take bayyana, a daidai watannin da ɗalibar take son ta kasance a waje. Idan ba ta tara samfurinta a daminar da ta gabata ba, ko dai ta tafi hannu rabbana, ko kuma ta rasa kakar aiki guda. Takarda mai ƙarfi ita ce wadda ta ce an riga an tara samfurin, ga adadinsa, ga inda yake ajiye, abin da ya rage shi ne nazarin ƙwayoyin gadonsa.

A jadawalin a bar mako na farko domin rajista da horon kiyaye haɗari, wanda ɗakunan gwaji ba sa barin baƙo ya taɓa komai sai ya yi shi, a bar na ƙarshe domin rubuta rahoto da gabatar da sakamako. Wanda ya cika kowace rana da gwaji daga sauka zuwa tashi ya nuna bai taɓa ganin gwaji ya ƙi ba. A ƙarshen takardar a faɗi abin da zai biyo baya a fili: babi kaza na kundi, maƙala ɗaya tare da mai masauki, da koya wa ɗaliban sashe dabarar da aka koyo. Wannan na ƙarshen yana da nauyi, domin masu bayar da kuɗi suna son ganin alamar cewa mutum zai dawo.

Manhajojin da suke rubuta wa mutum takarda sun yawaita, kuma ba laifi a yi amfani da su wajen gyaran nahawu idan shirin bai hana ba. Amma rubutun da suka ƙaga daga tushe santsi gare shi babu ƙashi, bai san Bokkos ba, bai san lambar fayil ba, kuma masu tantancewa sun karanta irinsa har sun gaji. A tura wa mai masauki daftarin ya duba kafin a miƙa.

Wasiƙun shaida da sauran takardu

Akan nemi wasiƙun shaida biyu ko uku. Girman muƙamin mai rubutawa bai kai sanin aikin ɗalibi muhimmanci ba. Malamin da ya ga yadda mutum yake aiki a fili ya fi shugaban tsangayar da zai rubuta cewa ɗalibin mai ladabi ne da ƙwazo. A ba kowannensu wata guda, a haɗa masa da takardar tsarin bincike da taƙaitaccen jerin abubuwan da aka yi tare da shi, domin ya sami abin kamawa. Yawancin shirye-shirye suna tura wa malamin mahaɗin intanet ne kai tsaye ya ɗora wasiƙar da kansa, kuma sun fi amincewa da adireshin imel na jami'a. Irin wannan saƙo yakan faɗa akwatin tarkace, don haka bayan an shigar da sunansa a je ofishinsa a tabbatar ya gani. Takardu da yawa sun mutu ne saboda wasiƙa ɗaya ba ta shiga ba.

Cikakken sakamakon karatu a nema shi tun Oktoba, na digirin farko da na wanda ake ciki. Game da Turanci, shirye-shirye da dama na gajeren lokaci suna karɓar wasiƙar jami'a mai shaida cewa da Turanci aka yi karatu; inda aka dage sai jarrabawar Turanci ta IELTS ko TOEFL, a tuna cewa shekara biyu sakamakonsu yake aiki. Takardar tarihin karatu da aiki kada ta wuce shafi biyu, a cire addini da ƙaramar hukuma da sunan firamare, a sa dabarun da aka iya da na'urorin da aka taɓa aiki da su.

Sai batun suna, wanda yake damun mutanenmu fiye da kowa. Mutum ɗaya sai a tarar Muhammad ne a takardar WAEC, Mohammed a digiri, Muhammed a katin ɗan ƙasa, a wata takardar kuma sunan gari ya zama sunan mahaifi. Mace kuma wataƙila ta koma amfani da sunan miji bayan digirin farko. Sunan da ke fasfo shi ne hukunci: da shi za a cika fom, da shi za a rubuta takardar gayyata, da shi za a yanki tikiti, harafi da harafi. Inda takardun makaranta suka saɓa masa, a yi takardar rantsuwa a kotu a ajiye. Tunda ba a yin fasfo yanzu sai da lambar NIN, kuma dole bayanan biyu su dace, wanda yake da kuskure a NIN ya fara gyara shi kafin ya doshi ofishin shige da fice.

Kada a bar ɗora takardu sai ranar ƙarshe. A lokacin hunturu agogon Jamus da Ostiriya da Siwizalan daidai yake da namu, na Birtaniya kuwa yana bayanmu da awa ɗaya, kuma wasu shafukan da tsakar rana suke rufewa, ba da tsakar dare ba. Wuta tana iya ɗaukewa, netiwok yana iya tsayawa fayil yana rabi. A gama kwana uku kafin wa'adi, a adana saƙon da ya tabbatar an karɓa.

Kasafin kuɗi da izinin gida

Inda aka ce mai nema ya kawo kasafi, a rubuta shi da kuɗin ƙasar da za a je. Wanda ya yi lissafi da naira a farkon Yunin 2023, lokacin da dala take wajen naira 460 a farashin hukuma, ya ga yadda ta haura 1,500 a farkon 2024. A sa tikitin jirgi daga Abuja, da kuɗin haya tare da kuɗin ajiya da masu gida suke karɓa, da inshorar lafiya, da abinci, da motar cikin gari. A sa har da zirga-zirgar Jos zuwa Abuja ta Akwanga da Keffi da kwanan da za a yi a can domin biza, tunda aƙalla sau biyu za a bi hanyar. A kuma tambaya a rubuce yaushe ake biyan alawus na farko, domin wasu sai an isa an yi rajista, wasu kuma mutum ne zai sayi tikiti a mayar masa daga baya. Yawancin irin wannan tallafi na mutum ɗaya ne, ba ya ɗaukar miji ko mata ko 'ya'ya. Mai shayarwa ta tambayi tsarinsu tun kafin ta nema.

Kalandar jami'o'inmu ba ta tafiya da ta Turai, musamman bayan yajin aikin ASUU na 2020 da na wata takwas a 2022, don haka watan Yuli yana iya faɗawa tsakiyar zangon karatu ko ranar gabatar da kundi. A rubuta takardar neman izini ta hannun mai duba kundi da shugaban sashe zuwa makarantar manyan digirori. Wanda yake ma'aikacin jami'a ko na gwamnati sai ya nemi hutun karatu a rubuce, kuma wannan takarda za ta yi masa amfani a wurin biza.

Samfuri ba a zuba shi a jaka a wuce. Tsirrai da ƙasa suna buƙatar takardar hukumar killace kayan gona ta ƙasa, NAQS, da izinin shigarwa daga ƙasar da za a kai su. Jini ko wani abu daga jikin ɗan Adam yana buƙatar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike da yarjejeniyar miƙa samfuri tsakanin cibiyoyin biyu. Kayan tarihi kuwa sai da izinin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Waɗannan suna iya ɗaukar lokaci fiye da biza.

Biza

Ranar da sakamako ya fito a nemi ranar ganawa, domin watannin Afrilu zuwa Yuli ne ofisoshin biza suka fi cunkoso. Bizar Shengen, wadda ake shiga yawancin ƙasashen Turai da ita, ta gajeren zama kwana 90 take bayarwa cikin kowane 180. A ƙirga da kyau: daga 1 ga Yuni zuwa 31 ga Agusta kwana 92 ne, wato ya zarce da kwana biyu, kuma wannan kaɗai ya isa ya mayar da mutum layin bizar dogon zama ta ita ƙasar, mai nata takardu da nata jira. A tambayi ofishin baƙi na cibiyar irin bizar da ta dace, domin karɓar alawus ma yana iya canza hukuncin. Ga ta gajeren zama, ana iya miƙa takardu tun saura wata shida, ana buƙatar inshorar da ta kai yuro 30,000, da fasfo mai shafi biyu babu komai wanda zai ƙara wata uku yana aiki bayan ranar dawowa. Kuɗinta yuro 90 ne tun Yunin 2024, amma doka ta yafe shi ga masu bincike da ɗaliban da za su je domin karatu, sai dai kamfanin da yake karɓar takardu zai caji nasa ladan.

Birtaniya ba ta cikin Shengen, kuma masu wasu fannonin kimiyya da injiniyanci sai sun sami takardar tantancewar tsaro ta ATAS, wadda take cin makonni. Amurka da bizar J-1 ake zuwa irin wannan ziyara bayan jami'ar ta aiko fom ɗin DS-2019, amma dokokinta a kan 'yan Nijeriya sun tsananta ƙwarai daga 2025, don haka a tabbatar da halin da ake ciki kafin a kashe wata uku a kan takardun can. A riƙe katin allurar shawara, wanda yake fara aiki kwana goma bayan an yi allurar.

Kafin a fara gwaji ko ɗaya, a zauna da mai masauki a yi magana a kan wanda ya mallaki bayanan da za a samu da yadda za a jera sunaye a maƙala, har da sunan malamin gida, sannan a tura masa imel mai taƙaita abin da aka amince. Maganar tana da nauyi a baki ga baƙon da aka karrama, amma ta fi sauƙi a makon farko fiye da bayan sakamako ya fito. Kafin a taso a kwafi ɗanyen bayanan a wuri biyu, a karɓi wasiƙar da ta shaida an kammala ziyarar, a kuma adana rasiɗai da katin shiga jirgi na zuwa da na dawowa, domin da su da rahoton ƙarshe ne yawancin masu tallafi suke sakin ragowar kuɗi.